Amfilifaya mai ƙarancin hayaniya a kelbin 4 kusa da maganaɗisu mai tesla 9: a ina za a ɗora ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da firjin dilushan, wato injin sanyaya samfuri har ƙasa da kelbin 1, wanda ba ya amfani da ruwan hiliyom, a ƙasansa akwai maganaɗisun solenoyid da ke kaiwa tesla 9. Samfurinmu yana tsakiyar maganaɗisun. Siginar da muke son aunawa tana tsakanin GHz 4 da 8, kuma ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Mun sayi amfilifayar HEMT, wato mai irin taransiston da ilektoron ke tafiya cikin sauƙi sosai a cikinsa. Wasu sun ce mu kai ta dab da samfurin, wasu sun ce filin maganaɗisun zai ɓata aikinta. Muna kuma da awo na biyu a MHz 1 zuwa 3, a kan samfuri mai turjiya da yawa. Yaya ya kamata mu tsara abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Awon nan naka guda biyu amsarsu ba ɗaya ba ce. Na GHz 4 zuwa 8, kada ka shigar da amfilifayar cikin maganaɗisu. Ka bar ta a farantin kelbin 4, wato matakin firjin da ke can sama da maganaɗisun, ka jawo mata siginar da kebul mai kyau. Na MHz kuwa, tunda turjiyar samfurin tana da yawa, dole taransiston farko ya sauka kusa da shi, sai a nemi yadda za a zaunar da shi a cikin filin ba tare da ya lalace ba.

Abin da ya sa HEMT ke aiki a sanyi shi ne kuma abin da ya sa maganaɗisu ke damunsa. A silikon, zafi ne ke sakin ilektoron daga ƙwayoyin da aka barbaɗa masa. Sakin guda ɗaya daga fosforos yana cin kusan meV 45. A zafin ɗaki kuzarin zafi, wato kT, kusan meV 26 ne, yana wadatarwa. A kelbin 4.2 ya koma meV 0.36, sai ilektoron su koma su maƙale a inda suka fito. Shi ya sa taransiston JFET na silikon yake daina aiki idan aka sauka ƙasa da kelbin 40 ko 50, masu amfani da shi sukan sa masa hita su riƙe shi a wajen kelbin 120. HEMT, wanda Takashi Mimura ya ƙirƙiro a kamfanin Fujitsu na Japan a wajen 1980, ba ya daskarewa haka. Ilektoron ɗinsa suna zaune ne a wani siririn shimfiɗi tsakanin sinadarai biyu, nesa da ƙwayoyin da suka ba da su, kuma da zarar an yi sanyi sauƙin tafiyarsu, wanda ake rubutawa μ, sai ya ninku. Daga nan ake samun hayaniyar da ba ta wuce kelbin 2 zuwa 3 ba a GHz 4 zuwa 8, da ninkawa ta kusan dB 40, irin wadda amfilifayoyin InP (sinadarin indiyom fosfayid) na kamfanin Low Noise Factory na Suwidin suke bayarwa.

To amma ilektoron mai tafiya a cikin filin maganaɗisu, ƙarfin Lorentz yana ture shi gefe. A doguwar siririyar waya wannan ba wata matsala ba ce, don caji yana taruwa a gefuna ya haifar da boltejin Hall, shi kuma ya soke turewar. Tashar HEMT gajera ce mai faɗi: tsawon ƙofarta kamar nanomita 100, faɗinta kuwa maikuromita 100 ko 200. Sos da diren, wato mashiga da mafitar ilektoron a tashar, sun yi kusa da juna har suna shanye boltejin Hall kafin ya taru, don haka ilektoron suna tafiya a karkace, hanyarsu ta yi tsawo, turjiyar tashar ta hau bisa R = R₀ × (1 + (μB)²). B ɗin da ke cikin wannan lissafi ba duka filin ba ne, ɓangaren da ya huda shimfiɗin a tsaye ne kawai. Filin da ya kwanta ya bi shimfiɗin kusan ba ya yin komai, saboda ilektoron ba su da damar fita sama ko ƙasa daga inda aka matse su.

Mu ɗauki μ = 3 m²/Vs, adadin da ba baƙo ba ne ga irin wannan tasha a sanyi. A tesla 0.1 a tsaye, μB = 0.3, turjiya ta ƙaru da kashi 9 cikin 100. A tesla 1 ta ninka sau 10. A taransisto na gaske abin bai kai haka muni ba, don wani ɓangare na turjiyar a mahaɗan ƙarfe yake, kuma a ƙarƙashin ƙofa ilektoron sun riga sun kai iyakar gudunsu, amma lissafin yana nuna maka inda haɗarin ya fara. Masu bincike a Jami'ar Chalmers da ke Gotenbog sun wallafa awon wannan a 2019: amfilifayar InP a kelbin 2 ta yi asarar ninkawa sosai, hayaniyarta ta hau, tun kafin filin da ke tsaye ya wuce tesla 1.5, taransisto irin nata kuma, da aka kwantar da shi ya bi filin, karan ɗinsa, wato lantarkin da ke ratsa shi, bai ragu ba wani abin a zo a gani har tesla 14.

Saboda haka tambaya ta farko ita ce filin nawa ne ya isa kowane faranti na firjinka. Ka nemi taswirar fili daga wanda ya ƙera maganaɗisun, ita ce hujja. Kafin ta zo, ga kimantawa ga solenoyid mai tsawon santimita 20 da rabin faɗi santimita 6, maras kwayil ɗin sokewa (kwayil na biyu da ke rage filin da ke wajen maganaɗisun), yana tesla 9 a tsakiya: a santimita 20 sama da tsakiya akwai tesla 0.65, a santimita 30 tesla 0.16, a santimita 50 militesla 32, a santimita 70 militesla 11. Idan an yi nisa filin yana faɗuwa ne bisa nisa × nisa × nisa, don haka kowane santimita 10 da ka ƙara riba ce babba. Farantin kelbin 4 a yawancin firji yana sama da rabin mita daga tsakiyar maganaɗisu, inda (μB)² bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Ko a can ɗin ka lura da yadda ka ɗora ta. Farantan firji a kwance suke, sandar maganaɗisu kuma, wato layin da ya ratsa tsakiyarsa, a tsaye take. Wanda ya shimfiɗa akwatin amfilifaya a kan faranti ya ɗaure shi, ya sa guntun taransiston ya fuskanci filin ta hanya mafi muni. Ka yi mata maɗauri na jan ƙarfe mai siffar L ta tsaya a kan gefenta. Sannan akwai ƙarin dabara ɗaya da ba kowa ke tunawa da ita ba: a gefen sanda, filin solenoyid yana da ɓangaren sama da ƙasa, yana da ɓangaren da ke buɗewa waje, amma ba shi da ɓangaren da ke zagaye sandar. Idan ka tsayar da amfilifayar yadda shimfiɗin guntun ya ƙunshi sandar maganaɗisun da layin da ya taso daga sandar zuwa inda take, wato gefenta ya kalli tsakiyar firji, ba fuskarta ba, to ɓangarorin biyu duk sun kwanta a cikin shimfiɗin. A yawancin akwatuna guntun yana kwance daidai da murfi mai faɗi. Ka tabbatar da hakan daga kamfanin.

Masu cewa a kai ta kusa da samfuri suna da gaskiya a abu ɗaya: duk asarar da ta faru kafin amfilifaya ba ta dawowa. Kebul mai asarar dB 1, wato ninki 1.26, idan yana kelbin 4, yana ƙara hayaniyar 0.26 × 4, kusan kelbin 1, sannan ya mayar da kelbin 2 na amfilifayar ya koma 2.5. Jimla kelbin 3.5 a maimakon 2. Tunda lokacin tara awo yana tafiya da hayaniya × hayaniya, aikin awa ɗaya ya zama na awa uku. Maganin wannan kebul ɗin NbTi (niyobiyom da titaniyom) ne tsakanin farantin ƙasa, wato na milikelbin, da na kelbin 4. A ƙasa da kelbin 9 ba shi da turjiya, asararsa ƙanƙanuwa ce, ba ya kai zafi ƙasa, kuma yana jure fili mai ƙarfi tunda da NbTi ɗin ake naɗa maganaɗisun kansa. Daga samfurin zuwa farantin ƙasa, inda zafin ɗaya ne, kebul ɗin jan ƙarfe ya isa. Na baƙin ƙarfe maras tsatsa yana cin dB da yawa a kowace mita a waɗannan firikwensi, wurinsa layin shiga ne ko bayan amfilifaya.

Kai ta farantin milikelbin ma ba zai yiwu ba. Tana fitar da zafin kusan miliwat 10, farantin kuwa ƙarfin sanyayarsa a milikelbin 20 maikurowat 10 zuwa 20 ne. Farantin kelbin 4 yana ɗaukar wat 1 zuwa 1.5, bai ma san da ita ba. Kuma ko da za a iya, babu riba: tashar taransiston tana ɗumama kanta, hayaniyar HEMT kusan ba ta ƙara raguwa idan an sauka ƙasa da kelbin 10 zuwa 20.

Faɗuwar ninkawa tana cutarwa ta fuska biyu, kuma ta biyun ce ake mantawa. Bisa lissafin Friis, hayaniyar duk abin da ke bayan amfilifayar farko ana raba ta da ninkawarta. A ce kebul ɗin da ke hawa zuwa ɗaki yana da asarar dB 6 a matsakaicin zafin kelbin 150, amfilifayar ɗaki kuma tana da kelbin 100: hayaniyarsu a haɗe 450 da 400, kelbin 850. Da ninkawar dB 40 wannan ya koma kelbin 0.085. Idan filin ya sauke ninkawar zuwa dB 25, ya zama kelbin 2.7, ya fi na amfilifayar kanta.

A tsarin GHz, abin da na fi jin tsoronsa aisoleta ce, wato na'urar da ke barin sigina ta wuce gaba amma ta hana ta komawa baya, ba taransisto ba. HEMT yana fitar da hayaniya ta ƙofar shigarsa ya tura ta ƙasa zuwa samfurin, don haka ana sa aisoleta ɗaya ko biyu a farantin milikelbin, wanda shi ne faranti mafi kusa da maganaɗisu. Aisoleta da 'yar'uwarta sakuleta ferait ne a ciki, wato yumɓu mai ɗaukar maganaɗisu, da ɗan maganaɗisu na dindindin da aka daidaita shi ga zangon aikinsu. Filin waje yana ƙaruwa a kan nasu, zangon ya goce, asarar wucewa ta hau, kariyar ta ragu, kuma bayan ka sauke filin ba lalle su koma daidai inda suke ba. A santimita 30 zuwa 40, inda lissafinmu ya ba da militesla 65 zuwa 160, wannan zai faru ko da taransistonka yana lafiya lau a sama. Ka sayi masu garkuwa, ka karanta iyakar filin da kamfanin ya rubuta, ka ɗora su a saman faranti can gefe, ko ka ɗaga su zuwa faranti na gaba idan samfurin zai jure ɗumin da lodinsu mai om 50 zai aiko masa. Mafi kyau duka shi ne maganaɗisu mai kwayil ɗin sokewa, wanda ke rage filin a daidai farantin ƙasa. Haka gwajin ADMX na neman aksiyon, ƙwayar da ake hasashen akwai ta, a Jami'ar Washinton da ke Siyatil ya yi: maganaɗisu mai kusan tesla 8 a ƙasa, kwayil na biyu a sama yana soke filin, a wurin da aka soke ɗin aka tara amfilifayoyin kwantom da sakuletocinsu.

Kada ka dogara da garkuwar mu-metal, gaurayen nikel da ƙarfe da ake kare kaya daga fili da shi, fiye da ƙarfinta. Tana aiki ne ta hanyar janyo filin cikin jikinta, kuma tana ƙoshi a wajen tesla 0.75. Bututu mai faɗin santimita 5 da kaurin milimita 1, idan filin ya zo masa ta gefe, yana tattara shi kusan sau 50, don haka militesla 15 a waje ya isa ya ƙosar da shi. Bayan haka ƙarfe ne kawai da maganaɗisu ke ja da ƙarfi, kuma yana karkatar da filin da samfurinka ke gani. Mu-metal na yau da kullum ma yana rasa ingancinsa a sanyi, sai Cryoperm ko Amumetal 4K. Garkuwar sufakondakta, wato abin da turjiyarsa ke ɓacewa a sanyi, tana korar fili ne: niyobiyom yana jure wajen tesla 0.15, dalma zalla (Pb) militesla 80, alminiyom militesla 10 kuma sai ƙasa da kelbin 1.2. Sharaɗinta ta yi sanyi lokacin da babu fili, in ba haka ba ta kama shi ta riƙe. A nan ka tuna cewa maganaɗisun sufakondakta da aka sauke karan ɗinsa zuwa sifili yakan bar saura na wasu militesla har sai an ɗumama shi. Idan wata rana ka ƙara amfilifayar Josephson a gaban HEMT don kusantar iyakar kwantom, wato mafi ƙarancin hayaniyar da irin wannan amfilifaya za ta iya kaiwa, wadda a GHz 6 take kusan kelbin 0.29, duk wannan ya zama wajibi: zoben SQUID, ɗan madaukin sufakondakta da ke cikinta, mai maikuromita 10 a kowane gefe, maikurotesla 21 ya isa ya cika masa kwantom ɗaya na fili, ƙasa da filin duniyar da muke kai. Masu amfani da siraran fina-finan NbN ko NbTiN sun fi juriya idan filin ya bi shimfiɗinsu.

Yanzu awo na biyu. Kebul ɗin kowaks yana da kusan pF 100 a kowace mita. Haɗa mita ɗaya da samfuri mai megaom 1, duk siginar da ta wuce kHz 1.6 ta fara zurarewa. A om 50 kebul hanya ce kawai, a megaom kuwa kafasita ce, shi ya sa dabarar nisantawa ba ta aiki a nan. Abin da ake yi shi ne a raba amfilifayar biyu: taransisto ɗaya tak kusa da samfuri, aikinsa ya sauya turjiya mai yawa zuwa kaɗan, sauran matakan ninkawa su koma sama. Sannan a sa kwayil gefe da gefe (paralel) da kafasitans ɗin da ya rage don su yi rezonans. Maikurohenri 60 da pF 100 suna ba da kusan MHz 2. Wannan yana amfanar ka ta wata fuskar, domin HEMT ɗin GaAs na kasuwa hayaniyarsa ta 1/f, wadda ke ƙaruwa idan firikwensi ya yi ƙasa, tana miƙewa har ɗaruruwan kHz ko MHz, rezonans ɗin ya ɗaga ka sama da ita. A can ana samun ƙasa da rabin nanobolt a kowane √Hz. Irin su ATF-34143 sun daɗe suna wannan aikin kafin a daina ƙera su, cibiyar C2N ta CNRS a Faransa kuma tana yin HEMT na musamman don ƙananan firikwensi. Masu tarkon Penning, wato na'urar riƙe ƙwaya mai caji da filin maganaɗisu da na lantarki, kamar gwajin BASE a CERN, da taransiston GaAs suke sauraren ƙwayar antifuroton guda ɗaya a wajen kelbin 4 cikin filin kusan tesla 1.9.

A tsakiyar tesla 9 daidaita kusurwa ba wasa ba ne. Karkatar digiri 2 tana ba da tesla 0.31 a tsaye, da μ ɗinmu na sama turjiya ta kusa ninkawa biyu. Rabin digiri yana ba da tesla 0.08, ƙarin kashi 5 ko 6 cikin 100. Allon da'ira da aka ɗaure da sukuru biyu a kan sanda ba ya ba ka rabin digiri, sai maɗauri da aka sassaƙa da inji, kuma taransiston ya kwanta sarai a kan allon lokacin da ake sa masa dalma. A ganina, sai dai idan babu makawa, ka ɗaga shi santimita 20 zuwa 30 sama da tsakiya: ka biya pF 20 zuwa 30, filin ya ragu sau 14 zuwa 55, kuma (μB)² ya ragu da wannan adadin a ninke da kansa. Taransiston SiGe shi ma zaɓi ne, yana aiki a kelbin 4, kuma da yake μ ɗinsa kaɗan ne filin bai cika damunsa ba, amma karan ɗin gindinsa yana kawo hayaniyar da ba ta dace da megaom ba. Ya fi dacewa da layin om 50 a ƙasa da 'yan GHz.

Kayan da ke kewaye da taransisto su ne suka fi ɓata wa mutane aiki. Kafasitar X7R tana rasa mafi yawan ƙimarta a kelbin 4, Y5V ta fi ta muni, mai ruwa a ciki kuwa daskarewa take yi. Ka tsaya a kan kafasitar C0G, in kana buƙatar ƙima babba ka nemi ta fim ɗin PPS. Resista mai kaurin fim ta RuO₂ turjiyarta hawa take yi a sanyi, har ma da irinta ake yin ma'aunin zafi, don haka sai mai siririn fim na NiCr. Tantalom naitirayid, wanda ke cikin wasu resistoci da atenuwetoci (masu rage ƙarfin sigina), yana iya zama sufakondakta a ƙananan kelbin, atenuweta ta koma waya, filin maganaɗisu kuma ya dawo da ita, sai ka ga siginarka tana sauyawa da fili ka ɗauka samfurin ne. Dalmar liƙi ta tin da Pb da aka saba ita ma tana zama sufakondakta a wajen kelbin 7, sai ta daina wuce zafi yadda ya kamata; kada hanyar sanyaya taransisto ta dogara da ita kaɗai. Kwayil mai ferait a ciki bai da wuri a nan, sanyi ya rage shi, fili ya ƙosar da shi. Ka naɗa naka a kan Teflon ko Macor, in so samu ne mai siffar zobe don ya rufe filinsa.

Sai nikel. Yana ɓoye a ƙarƙashin ruwan zinaren mahaɗan SMA, da ƙarshen ƙananan kafasitoci da resistoci, ga Kovar a ƙafafun akwatunan yumɓu na taransisto. Baƙin ƙarfe maras tsatsa mai lamba 304 ma yakan ɗauki maganaɗisu bayan an murɗa shi ko an sanyaya shi. Ka sami ɗan maganaɗisun niyodimiyom mai ƙarfi, ka gwada kowane sukuru da kowace mahaɗa kafin su shiga. Abin da ya motsa, kada ya kusanci samfurin.

Wajen sanyayawa, jan ƙarfe maras iskar oksijin mai RRR 100 (turjiyarsa a ɗaki ta ninka ta sanyi sau 100) yana wuce zafi da kusan W/m·K 600 a kelbin 4. Igiya mai kaurin milimita murabba'i 10 da tsawon santimita 10 za ta bar bambancin kelbin 0.17 a kan miliwat 10. A cikin tesla 9 turjiyar jan ƙarfen tana hawa, wucewar zafin ta faɗi zuwa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, don haka ka ba da rara. Galibi mahaɗa ce ke hana zafi wucewa, ba igiyar ba: fuska mai tsabta mai ruwan zinare, ɗan man Apiezon N kaɗan, da matsi mai ƙarfi. Sukurun tagulla (brass) yana tsukewa kashi 0.38 cikin 100, jan ƙarfe 0.32, don haka yana ƙara matsewa a sanyi; na baƙin ƙarfe maras tsatsa, mai 0.30, sassautawa yake yi sai da washa mai sifirin. Teflon ɗin cikin kebul yana tsukewa kusan kashi 2 cikin 100, yakan ja allurar tsakiya baya, shi ne asalin siginar da ke ɓacewa a sanyi ta dawo idan an ɗumama. Ka tsoma sabon kebul a ruwan naitirojin sau da yawa kafin ka yanke shi ka sa masa kai.

Wayoyin da ke ciyar da amfilifaya suna cin bolteji. Fosfo-buronz mai lamba 36 kusan om 10 ne a mita, manganin fiye da om 30. Miliamfiya 15 a kan om 20 ya cinye bolt 0.3, alhali diren ɗin gaba ɗaya bolt 0.7 yake so. Faɗuwar da ke kan wayar dawowa kuma tana shiga boltejin ƙofa kai tsaye. Ka ninka wayoyin diren da na dawowa, ko ka ja wasu biyu daban don auna boltejin a bakin amfilifayar. A cikin fili fosfo-buronz ya fi manganin. Ƙofar HEMT tana mutuwa da ɗan cajin jikin mutum, ka riƙa haɗe ƙafafunta har sai an gama haɗi, kuma wajen kunnawa ka bi jerin da kamfanin ya bayar. Ga taransisto tsirara, ƙofa ake fara saitawa kafin a ɗaga diren. Saitin da ya yi kyau a ɗaki ba shi ne na sanyi ba, dole a sake nemo shi. Ninkawa tana hawa a sanyi, da'irar da ke zaune lafiya a kan tebur sai ta fara kaɗa kanta a GHz da yawa, kamar ƙarar da lasifika ke yi idan makirfo ya matso kusa da ita. Alamarta karan ɗin diren ya riƙa tsalle, ko zafi ya hau ba dalili. Resista mai om 10 zuwa 100 a manne da ƙofa takan kashe ta.

A ƙananan firikwensi girgiza tana iya rufe komai. Madaukin waya mai faɗin santimita murabba'i 1 a cikin tesla 9, idan ya karkata da maikuroradiyan 10 kacal sau 100 a daƙiƙa, yana haifar da kusan maikurobolt 6, kai kuwa nanobolt kake nema. Injin sanyaya na firjinka yana bugawa kusan sau 1.4 a daƙiƙa, kuma bugun yana tada rassansa har cikin kHz. Ka murɗa wayoyi bibbiyu sosai, ka manne su a jikin sanda da banish ɗin GE 7031, kada ka bar ko santimita 2 yana lilo. Ƙarfin da fili ke yi wa siririyar wayar haɗin guntu kaɗan ne, maikuronyuton 90 a kan miliamfiya 10 da milimita 1, amma idan karan yana hawa da sauka daidai da firikwensin karkarwar wayar, tana gajiya ta karye. Hakan ya faru a na'urar CDF ta Fermilab a Amurka, a filin tesla 1.4 kawai.

Kada ka yarda da takardar kamfani a kan hayaniya, ka auna a cikin firjinka. Sa lodi mai om 50 da hita da ma'aunin zafi a madadin samfurin, ka auna ƙarfin fita a zafi biyu, rabonsu shi ne Y, sannan T = (T mai zafi − Y × T mai sanyi) / (Y − 1). Da kelbin 20 da kelbin 5, Y = 3.14 yana nufin kelbin 2. Kuskuren rabin kelbin a ma'aunin ɓangaren sanyi yana zama kuskuren kelbin 0.7 a amsar, kuma ma'aunin dayod ɗin silikon ƙarya yake yi a cikin fili a wannan sanyin. Ma'aunin Cernox za ka sa, RuO₂ kuma a milikelbin. Ka yi awon a sifili, sannan ka hau tesla ɗaya-ɗaya a hankali, kamar tesla 0.1 a minti, kana tsayawa zafi ya lafa, domin karan ɗin da sauyin fili ke zugawa a farantai da akwatunan jan ƙarfe yana ɗumama su bisa saurin hawan a ninke da kansa. Ka sauko, ka juya filin, ka maimaita, kana rubuta ninkawa da karan ɗin diren da boltejin ƙofa a kowane mataki.

Siffar abin da ka zana za ta gaya maka mai laifin. Idan ninkawa ta sauka sumul bisa B², iri ɗaya a fili mai kyau da juyayye, hawa da sauka suka bi layi guda, kuma boltejin ƙofa ya motsa don riƙe karan, taransiston ne. Ka gyara kusurwarsa ko ka ɗaga shi. Idan hawa da sauka suka raba hanya, ko wani yanki na zangon kaɗai ya lotsa alhali karan bai motsa ba, ka duba aisoleta da nikel da garkuwar da ta kama fili. Idan sauyin ya zo farat ɗaya a wani ƙaramin fili ya tsaya, wani abu ne ya fita daga halin sufakondakta, dalma ko atenuweta. Idan kuma yana bayyana ne kawai lokacin da filin ke tafiya ya gushe bayan 'yan mintuna da tsayawa, ɗumi ne, ka rage saurin hawan ka tsaga akwatin jan ƙarfen da ya zagaye sandar. Duk awon samfuri da za ka yi da fili daga baya, ka raba shi da wannan zanen ninkawar, ko ka tura ƙaramar sigina sananniya ta hanyar da ba ta bi ta samfurin ba don ta riƙa nuna maka ninkawar a kowane lokaci.